Gindin Tukunya

An aiko ni daga ofis da takarda mai layi ashirin da uku,
kowane layi da ɗan akwatinsa: i ko a'a.
Na sauka bayan Ƙofar Marusa,
gidan tsofaffi mai shuɗiyar ƙofa,
inda darbejiya ta leƙo ta kan katanga
kamar ita ma tana jiran wani nata.

Sun san da zuwana.
Fenti bai gama bushewa ba, ya kama mini gefen mayafi.
Malam Shekarau ya tare ni da lemo mai sanyi
da fayil mai nauyin bulo:
ga awon jini, ga na sukari, ga ranar da likita ya zo.
Akwai fanka? Akwai.
Gidan sauro? Akwai.
Birona na ta sara kamar fartanya a jiƙaƙƙiyar gona.

A ɗaki na huɗu wata tsohuwa ta riƙe mini hannu.
Tabawa. Shekara talatin tana tuƙa wa ɗalibai tuwo
a makarantar kwana.
Ta ce, "'Yar nan, ni ma na sha ganin masu duba aiki.
Ranar zuwansu muke sa nama a miya.
In tuwo kike son sani, bar malmalar sama,
kankari gindin tukunya."

Na ajiye biro.

Ta ce, "Ɗaga sabon zanen gadon, shinshina katifa."
Na ɗaga. Ban ce komai ba.
"Je ki dubi ƙafar Baba Gambo."
Na je. Farcen ya lanƙwashe ya koma cikin nama,
shi kuwa yana ta ba ni haƙuri,
wai na same shi ba hula.
"Tambayi na ƙofa sunana, ki ji."
Na tambaya. Ya ce, "Mai gado na tara?"

Da na ɗauko biro da fushi, sai ta sake riƙe ni.
"Kada ki yi saurin zubar da miya don ƙuda ɗaya.
Akwai Lantana, mai aikin dare.
Wata uku ba a biya ta ba.
Ita ke juya Gambo kada bayansa ya yi gyambo,
ita ke goga mini goro a magogi
tun da haƙora suka yi mini sallama.
In na kira ta da sunan 'yata da ta rasu,
amsawa take yi.
Wannan a wane layi yake?"

Na duba daga na ɗaya har na ashirin da uku.
Babu.

A bakin ƙofa akwai littafin baƙi.
Na buɗe shafin Tabawa:
sa hannu ɗaya, tun Sallar layya ta bara,
ƙarfe huɗu shiga, huɗu da kwata fita.
Shi ma ba a ba shi akwati ba.
Wa zai auna waɗanda ba su zo ba?

Can ƙasan takarda an bar wurin ƙarin bayani,
layi biyu, ko tafin jariri bai kai ba.
Na rubuta katifa. Na rubuta albashi.
Wuri ya ƙare kafin in kai ga goro.

Ranar Alhamis na koma ba sanarwa,
ana kiran assalatu, ba takarda,
sai ɗan abin yanke farce a jaka.
Fanka a tsaye, ba wuta.
Zanen gadon nan an naɗe an mayar cikin akwati.
A ƙofar ɗaki na huɗu na ga buta.
Na sunkuya, na taɓa.

Da ɗumi.

Can gefe Lantana na durƙushe tana hura gawayi,
wanda ta saya da kuɗin motarta.
Ta ɗago a tsorace, ta ce, "Hajiya, mun ci ko mun faɗi?"

Har yau takardar na kan teburina.
Maki nawa ake ba ruwan ɗumi?